Malam Haliru, Mai Leƙen Bakin Ganye

Ina tsugune cikin gonar gwaji ta sashenmu na jami'a a Kalgo, da hantsi, gero ya kusa rufe ni, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Attahiru ne, ƙanen Malam Haliru. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Nasiru, Malam ya cika." Na buɗe baki in ce innalillahi, harshena ya maƙale a gaɓar farko, yadda ya saba yi mini duk ranar da na fi bukatarsa. Attahiru ya ɗan saurara, da ya ji abin ba mai ƙarewa ba ne sai ya ƙarasa mini, ya ce za a yi jana'iza a Maruda bayan azahar, ya kashe waya.

Ni mai in'ina ne, tun ina yaro a Malisa. Shi ya sa ranar jana'iza da kwanakin zaman makoki kowa ya faɗi abin da ya sani na alherin Malam, ni kuwa na yi gum kamar ban san shi ba, alhali shi ya koya mini ilimin tsirrai a jami'a, shi ya riƙe ni har na zama malami a gefensa. Abin da bakina ya kasa shi nake rubutawa yanzu, da izinin matarsa, Hajiya Rabi. Mutane sun san shi da karatu da bincike. Kaɗan ne suka san cewa ya haura shekara hamsin a duniya bai taɓa jin mahaifiyarsa ta kira sunansa ba, ga ta da ranta a Maruda, kuma babu abin da ya so ya ji kafin ya mutu kamar wannan.

Aikin Malam duka a kan bakin ganye yake. Wanda bai taɓa leƙa madubin ƙara girma ba zai ɗauka ganye shafaffe ne, ba ƙofa ba taga. Ba haka ba ne. A jikinsa akwai ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ta nan tsiro ke shan iskar da yake haɗa abincinsa da ita, ta nan kuma ruwan jikinsa ke fita. In ya buɗe su ya ƙoshi amma ya yi asarar ruwa, in ya rufe ya tsira da ruwansa amma ya wuni da yunwa. Littattafai suna da sunayen Turanci ga duk waɗannan abubuwa, Malam ya san su sarai, da su yake shirya mana jarrabawa. Amma a aji sai ya ce baki, ya ce leɓɓa biyu da ke tsaron bakin, ya ce maƙwabta da ke kewaye da leɓɓan. Ƙwayoyin da suka haɗu suka gina ganye kuwa ɗakuna yake ce musu, kowane ɗaki cike da ruwa.

Yadda yake nuna mana bakunan ya jawo masa tsokana iyakar rayuwarsa. Jan farce na mata yake saya, irin marar launin nan, a shafa a bayan ganye, in ya bushe a ɗaye shi da salatif, sai siffar bakunan ta fito a jiki kamar sawun kaza a laka. Da kansa yake shiga kasuwa a Birnin Kebbi, da furfurarsa da hularsa, ya tsaya gaban mai kayan kwalliya ya ce a ba shi jan farce wanda ba ja ba. Masu shago su ƙunshe dariya, su ce, "Allah shi bar ƙauna, Alhaji." Ya ce amin, ya karɓi kayansa ya wuce. Bai taɓa tsayawa yi wa kowa bayani ba.

Ranar da ya fara shiga ajinmu ya tambaye mu abin da ke buɗe bakin ganye. Mun yi hadda tun daga sakandare, sai muka amsa baki ɗaya: leɓɓa ne ke shan ruwa, su kumbura, su bankare, baki ya buɗe. Ya ce, "To, wanga rabin magana na. Ina kunka baro maƙwabta?" Ya bayyana mana cewa ɗakunan da ke kewaye su ma cike suke da ruwa, suna tokare da leɓɓan ta kowane gefe, kuma sun fi su ƙarfin turawa. Ko leɓe ya sha ruwa iyakar shansa, in maƙwabta ba su sassauta ba, bakin ba zai wangale ba. A gero da dawa da shinkafa abin ya fi ban mamaki. Kowane leɓe yana da maƙwabci na musamman manne da shi, wanda in lokacin buɗewa ya yi sai ya miƙa wa leɓen gishirinsa, ruwa ya bi gishirin, shi ya motse ya ba da wuri. In ƙasa ta bushe ko rana ta ƙwalle sai ya karɓe abinsa, baki ya rufe nan take. Sunan da littattafai suka ba waɗannan maƙwabta yana nufin 'yan ƙarƙashi, Malam kuwa ya tsani sunan. Yakan ce, "Wanda in bai matsa ba ba ka iya buɗe baki, shi na za ka kira ɗan ƙarƙashi?"

Ba don nishaɗi yake wannan leƙe ba. Ruwan sama ya koyi ɗaukewa a tsakiyar damina, shi kuma ɗan manoma ne, ya san abin da hakan ke nufi a rumbu. Yana bin ƙauyukan Gwandu yana tara irin gero na gargajiya, yana neman wanda maƙwabtansa suka fi saurin bayarwa da karɓewa, don a san wanda zai fi jure fari. Bai gama ba. Geron da nake tsugune a ciki ranar da labarin ya zo, shukarsa ce ta ƙarshe.

Kada wani ya ɗauka mutum ne mai sanyin hali. Malam yana da zafi. In ya ga gilashi da datti a ɗakin gwaji sai ya yi mana tatas, in ka makara ƙofa a rufe take, kuma zai kayar da kai a jarrabawa da zuciya ɗaya, gobe ya tambaye ka lafiyar mahaifinka. Na sha yin fushi da shi. Amma akwai abin da ya yi mini wanda ko iyayena ba su yi ba. Ranar da aka ce in tashi in yi bayani gaban aji, na maƙale a kalmar farko, 'yan aji suka shiga jefo mini kalmomi, wasu don taimako, wasu don shaƙiyanci. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kowa shi riƙe bakinai. Nasiru na da leɓe, ku ne kunka tokare shi." Ya ja kujera ya zauna, ya harɗe hannu, ya mai da ido taga. Bayanin da wani zai gama kafin shayi ya huce, ni sai da na cinye lokacin darasin duka, gumi na zuba. Bai duba agogo ba. Daga ranar har ya bar duniya bai taɓa ƙarasa mini kalma ba, ko yana sauri, ko ya san abin da zan faɗa.

Da na zama malami sai na zama direbansa kuma, don tuƙin Malam abin a yi masa addu'a ne. Ni nake kai shi Maruda gaida Inna, mahaifiyarsa. A nan na ga abin da nake son faɗa. Malam ɗan fari ne, gidansu kuma gida ne da ya riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi aka kai shi cikin garin Gwandu wurin ƙanwar mahaifinsa, can ya girma. A gidaje da yawa abin yana sassauci in uwa ta tsufa. A gidansu bai sassauta ba.

In muka shiga, za mu tarar da Inna a ƙofar ɗakinta kan tabarma, matan gida kewaye da ita. Malam zai cire takalmi, ya tsuguna daga ɗan nesa, ya ce, "Ina wuni, Inna." Ba za ta dube shi ba. Ni za ta duba ta ce, "Lahiya lau. Ɗan Malisa, kun zo lahiya? Hwaɗa ma malaminku ga hura nan, in shina sha." Sai in juya in faɗa masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Ya ce, "Ka ce mata na gode. Ka tambaye ta ƙafar." In sake juyawa. Duk faɗin ƙasar Gwandu, uwa da ɗa ba su sami tafinta ba sai mai in'ina. Matan gida su yi ta dariya ƙasa-ƙasa, ni kuwa raina na ɓaci.

Ba wai ba ta son sa ba ne, wannan ko makaho ya shaida. Furar kullum yadda yake so take, ba sukari, yaji ya ji. Kowace kaka sai ta ware zangarniyar gero daga tsohon irin gidansu, ta ɗaure da tsumma, ta miƙo mini ta ce, "Kai ma masu son tarkace." Malam yakan karɓa da hannu biyu, ya ajiye a cinyarsa har mu isa Kalgo.

Wata rana a hanyar dawowa haƙurina ya ƙare, na ce masa wannan al'ada zalunci ce, kuma Inna ta cika taurin zuciya. Ya sha mini toka. Ya ce, "Kak ka ƙara. Bakin Inna lahiya lau shike. Tun randa tah haife ni mata ka kewaye da ita suna kallo, su gani ko za ta yi rashin kunya ta nuna son ɗan hwari. Waɗanda sunka fara kallon sun mutu, wasu sun gaje su. Ba a taɓa barinmu mu biyu ba, ni da ita." Muka yi ta tafiya har muka hango fitilun Kalgo. Sannan ya ce, kamar mai magana da kansa, "Ina son in ji yadda taka hwaɗin sunana, ko sau guda." Tausayinsa ya kama ni, na ci gaba da tuƙi.

Ciwon ƙoda ne ya kama shi. Ya ɓoye iyakar ɓoyewa, har ƙafafunsa suka kumbura ya koma zuwa aji da silifa. Aka shiga zirga-zirgar wankin ƙoda, jikin yana karɓa yana ƙi, har ranar da likitoci suka kira Hajiya Rabi gefe suka yi mata maganar da ake yi a gefe. Aka dawo da shi gida. Attahiru da manyan dangi suka yanke cewa ba za a gaya wa Inna ba, don ta tsufa, ga hawan jini. Aka ce mata ya tafi wani dogon taro. Malam yana kwance, ba ya ci, magana sai da ƙyar, ba shi da ƙarfin musu. Ni kuma ba ɗan gida ba ne, ba a tambaye ni ba. Ina zuwa kullum in zauna a gefensa, ina ji ina gani lokaci na tafiya, tsohuwa tana Maruda tana jiran taro ya watse.

Sai wata safiya na iso na tarar da gidan ya cika da murna. Malam ya tashi zaune. Ya sha kunu ya nemi ƙari, ya ce a miƙo masa hularsa, har yana tsokanar Attahiru a kan tumbinsa. Maƙwabta na shigowa suna barka da arziki, Hajiya Rabi ta sa an yanka kaza, fuskarta ta washe yadda na daɗe ban gani ba. Ni ma na yi murna, har ƙwalla ta zo mini. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya a gaban kowa ya ce, "Nasiru, matso in yi maka jarrabawa. In anka yanke ganye daga jikin kara, mi baki ka fara yi?" Ɗaki ya ɗauki dariya, ana cewa lallai Malam ya warke, ga shi ya koma aji.

Ni kaɗai ban yi dariya ba. Na san amsar. In aka yanke ganye, hankali zai ba ka cewa bakunan za su rufe nan da nan don su tsare ruwan da ya rage. Ba haka suke yi ba. Maƙwabta ne ke fara rasa ruwansu, su saki jiki, leɓɓa su sami wurin da ba su taɓa samu ba, baki ya wangale fiye da yadda ya saba. Wanda ya leƙa a wannan ɗan lokaci zai rantse ganyen yana cikin ƙoshin lafiya. Can kuma sai leɓɓan su ma su bushe, baki ya rufe, ba ya sake buɗewa.

Na ce, "Buɗewa, Malam."

Ya ce, "Sannan?"

Na kasa. Ya dube ni da kyau, babu tsoro a idonsa, babu wasa kuma. Ya ce, "Ka ci. To, ɗauki mota ka tahi Maruda."

Ni ba likita ba ne, kuma ba kowane marar lafiya da ya tashi zaune ke bankwana ba, sanin gaibu sai Allah. Amma Malam ya san jikinsa, ni kuma na san Malam. Na fita na sami Hajiya Rabi a bayan ɗaki tana figar kaza. Na tsuguna, na ɗauki lokaci kafin maganar ta fito, na ce mata zan je in ɗauko Inna, kuma gara yau da gobe. Hannunta ya tsaya cak. Ta ce, "Nasiru, mugun baki za ka yi mai? Mutum ya tashi ya ci abinci, kai kuma ka zo kana kiran mutuwa cikin gidana?" Attahiru ya ji, ya taso da faɗa, ya ce, "In tsohuwag ga ta hwaɗi bisa hanya, kai ka ɗaukar alhakin?" Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa Malam ne ya aike ni, wanda ke son hana ni ya shiga ya faɗa masa da bakinsa. Babu wanda ya motsa. Hajiya Rabi ta saki kazar cikin roba, ta rufe fuska da gefen zani, kafaɗunta na rawa. Ban ga laifinta ba, har gobe. Matar da ta yi jinyar nan da hannunta ta fi kowa sani, yini ɗaya kawai take roƙo a bar mata, ni kuma na zo na karɓe.

A Maruda na tarar da Inna inda na saba tarar da ita. Na gaishe ta, na fara lalubar yadda zan warware ƙaryar da aka yi mata. Ta dubi bayana, ta ga ni kaɗai ne. Ta ce, "Taron ya watse ke nan?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Na san babu taron da ka hana shi aiko da gaisuwa." Ta miƙa hannu ta jawo mayafinta. Wata tsohuwa cikin matan gidan ta ce ba za a bar ta ta tafi ita kaɗai ba, ta biyo mu. Har muka isa Kalgo Inna ba ta tambaye ni abin da ke damunsa ba, carbi kawai take ja.

Kafin mu iso ƙarfin safiya ya fara janyewa. Malam ya koma kwance, hular tana gefen matashi, numfashinsa ya yi nauyi. Ɗakin maƙil yake da 'yan dubiya. Inna ta shiga ta zauna kusa da ƙofa, ta ba gadon gefenta, ta shiga amsa gaisuwar mutane ɗaya bayan ɗaya. Duk idanun matan ɗakin na kanta, ana jira a ga yadda uwar ɗan fari za ta yi. Ita kuwa ta yi abin da ta saba, ta daure fuska. Malam ya juyo da ido ya nemo ni. Na gane abin da yake so, na miƙe don in ce jama'a su ba da wuri, harshen ya ƙi. Wane ni, baƙo, in kori dattawa daga ɗakin ɗan'uwansu.

Hajiya Rabi ce ta yi. Ta shigo idonta jawur, ta ce, "Maza, an kira la'asar. Mata, ku taso ku kama min aiki." Ta kama hannun tsohuwar da ta rako Inna, tsohuwar na cewa ita ƙafarta na ciwo, ta ja ta a hankali har waje. Ɗaki ya watse. Ya rage Malam, da Inna, da ni a tsakaninsu, a mazaunina na kullum. Inna ta dube ni ta ce, "Ɗan Malisa, tambaye shi ina ka yi mai ciwo."

Har na juya zan tambaya. Sai na ga ashe ni ne na ƙarshen masu tokare ta, muddin ina ɗakin ta bakina za ta bi. Na miƙe ban amsa mata ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na fita na ja ƙofa. Na je gindin darbejiyar tsakar gida na tsaya. Ban ji komai ba, ban kuma yi ƙoƙarin ji ba. Ba ta daɗe sosai ba ta fito, idonta a bushe, ta ce wa Attahiru ya mai da ita gida kafin magariba. Ta wuce ni ba ta dube ni ba.

Na shiga na tarar da Malam idonsa a rufe, hawaye ya gangaro har cikin kunnensa. Na zauna a bakin gado. Can ya motsa leɓe, na kai kunnena. Ya ce, "Ashe ta iya sunan." Ya huta, ya sake tattaro numfashi. "Ta kira, Nasiru. Na so in amsa, bakin ya ƙiya. Ta jira, ta jira, tat tashi." Ya lalubo hannuna ya riƙe, riƙon ba ƙarfi. "Ka amsa mata." Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa.

Washegari na biya da sassafe na tarar yana barci. Na ce bari in ɗauki siffar bakunan geronsa da hantsi, lokacin da suke buɗe, kada aikin ranar ya wuce, sannan in kama hanyar Maruda in isar da saƙo. A nan wayar Attahiru ta same ni. Na je Maruda a ranar, amma a bayan makara.

Kwanakin farko ban sami hanyar zuwa kusa da Inna ba, mata sun cika ɗakinta har waje. Saƙon ya yi mini nauyi, ko abinci ba na jin daɗinsa. Sai da baƙi na nesa suka fara raguwa na yi sallama na shiga. Matan gida na nan kewaye da ita, ban ga alamar za su tashi ba, ban kuma da ikon tashin su. Na tsuguna na yi mata gaisuwa, ta amsa. Ta rame ƙwarai. Ta rage murya, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ɗan Malisa, ka shiga wurinai bayan na hita. Ya ji kuwa?"

Na ce, "Ya ji, Inna. Bakin na yaƙ ƙiya. Ya aiko ni, yac ce in amsa miki." Sannan na ce, "Na'am."

Carbin ya tsaya a hannunta. Matan suka dubi juna, ba su san zancen da ake yi ba. Inna ta gyaɗa kai a hankali, ta daɗe tana gyaɗawa. Sannan ta ɗago, ta buɗe murya yadda har na tsakar gida za su ji, ta ce, "To, madalla. Allah shi gafarta ma Haliru. Allah shi jiƙan Haliru, ɗana." Babu wadda ta yi dariya. Tsohuwar da ta raka ta Kalgo ce ta fara cewa amin, sauran suka bi.

Ya Allah, ga bawanka Haliru ya zo maka, ba shi da kowa a inda yake sai Kai. Ka gafarta masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka buɗe masa baki da amsa ta gaskiya a lokacin tambaya. Ka sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana gare shi. Ka ba Hajiya Rabi haƙuri, Ka saka mata jinyar da ta yi, Ka raya 'ya'yan da ya bari a kan tafarki, Ka haɗa kan Attahiru da sauran 'yan'uwansa. Ita kuma Inna, wadda ta binne ɗan da ya kamata ya binne ta, Ka sanyaya mata zuciya, Ka cika mata da imani, Ka haɗa su a gidan da za ta kira shi ya amsa da kansa. Mu da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.